Itacen Jegon Maryamu

Sanyi ya sauko da wuri bana. Tun farkon wata nake fitowa hantsi da kujerata ina gasa gwiwoyi, jikoki suna ta kai da kawo a kaina da maganar kayan Kirsimeti. Wannan ta ce takalminta ya matse, wancan ya ce tela ya ɓata masa wando. Ranar Lahadin da ta wuce kuma matar fastonmu ta tare ni a bakin majami'a, ta ce, "Kaka, ke za ki yi wa yara bayanin haihuwar Mai Ceto bana. Sun haddace labarin tsaf, amma in an tambaye su me ya kawo shi, sai su ce don a ci shinkafa." Na yi dariya har da tari. Na ce mata ba yau aka fara ba. Ni ma an taɓa ɗora mini wannan aiki ina da ƙuruciyata, a Gashuwa, shekarar da ruwa ya cinye mana gero, kuma da ƙyar na fita da girmana.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Kano, aikin gyaran hanyar mota ya kai maigidana Ishaya can, ni kuma na bi shi da 'yata ta biyu, Rifkatu, ta farin tana wurin kakarta. Kirista gida bakwai ne mu a duk garin. Majami'armu zana ce da rufin kaba, in iska ta taso sai maza su riƙe ginshiƙi, mu mata mu ci gaba da waƙa. Tsohon mai bishararmu, Malam Bulus, ya ga na iya karatu, sai ya damƙa mini yara tara in riƙa koya musu kowace Lahadi da yamma. Suna ce mini Malama, ni kuwa ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

Maƙwabciyata Ya Kaltum Musulma ce, Babarbariya, ungozoma, ta kusa haihuwata. Mijinta masunci ne, shi ya ara mana gona a hanyar Katuzu. Ita ta koya mini zaman garin, daga inda ake ɗiban ruwa mai kyau har yadda ake gaishe da manya. Bakinta da kaifi, nawa ma ba baya ba, don haka muka shaƙu.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Yashi yana ƙona tafin ƙafa, kogi ya janye ya bar 'yan tafkuna, ruwan randa kansa ɗumi gare shi. Da ruwan fari ya sauka muka fita shuka, Ishaya yana sara da sungumi, ni da Rifkatu muna bi muna zubawa muna binnewa da dunduniya. Gero ya fito gwanin sha'awa. Aka yi noman fari, aka yi maimai, ya yi ciki, ya fid da kai. Ishaya har ya fara yi mini alkawarin sabon zane, ni kuma na fara zaɓen launi a zuciyata.

Sai marka ta shigo ta ƙi fita. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Wanki ba ya bushewa, gishiri ya narke a cikin ƙoƙo, ashana ta ƙi kamawa, kullum sai na tura Rifkatu roƙon wuta da kasko. Tabarma ta yi fumfuna, ɗaki yana warin danshi, kwaɗi suna shigowa har gindin murhu, sauro kuwa ba a magana. Katangarmu ta gabas ta zauna a ƙasa wata safiya ba tare da ta yi wa kowa sallama ba. Daga baya kogi ya kawo. Aka yi gayya, maza suna ɗaga jinga don tare ruwa, mu mata muna kai musu ƙasa a ƙwarya, laka har gwiwa. A wannan aiki ba wanda ya tambayi wani addininsa, wanda ya fi kusa da kai shi kake miƙa wa ƙwaryar. Duk da haka ruwa ya ɓalle. Gero ya tsaya cikin ruwa har wuya, zangarniya ta yi baƙi, wata ma ta tsiro a tsaye. Da kwalekwalen mijin Ya Kaltum muka shiga gonar muna yanko abin da ya rage. Dami huɗu muka kawo gida, Ishaya ya zauna yana kallonsu.

Kaka ta zo babu kaka. Kifi kam akwai, ruwa ya kawo shi da yawa, amma kifi ba ya riƙe ciki, ka ci da rana, kafin la'asar hanjinka yana kuka. Ya Kaltum ta koya mini bado. Mu shiga ruwa da sassafe mu tsinko 'ya'yansa, mu shanya, mu daka, mu tuƙa wani tuwo baƙi-baƙi mai warin laka. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini. Yara suna rage rana da gwaguyar goruba har dasashinsu ya yi jini. Da hanya ta ɗan bushe, mazanmu suka hau motar kaya ta Jajimaji suka tafi Nguru, ɗaukar buhuna a tashar jirgi, suka ce sai jajiberin Kirsimeti.

Abin da wanda bai ga shekarar ba ba zai yarda ba shi ne, itace ya fi hatsi wuya. Dajin da muke yin itace yana ƙarƙashin ruwa. Ɗan wanda ake kawowa daga tudu, masu bandar kifi sun tare shi tun a hanya. Kashin shanu ya jiƙe, kara ya ruɓe. Da ƙwallon goruba muke hura wuta, shi kuma hayaƙinsa ya fi wutarsa yawa. Ga sanyin bakin kogi ya fara sauka, irin wanda ke shiga ƙashi ya fasa kaushi.

A cikin wannan hali na tara yarana wata Lahadi, na ce Kirsimeti ya kusa. Rifkatu, wadda ba ta wuce shekara takwas ba amma bakinta na tsohuwa ne, ta ce, "Inna, bana ai babu Kirsimeti."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ba akuya, ba shinkafa, ba sabon zane. Allah ya tsallake Gashuwa bana, sai baɗi."

Sauran suka gyaɗa kai. Maganar ta soke ni, don ba da rashin kunya ta faɗe ta ba, ta yarda da ita ne har zuciya. Na ji tsoro. In yaran nan suka tashi da tunanin cewa Allah na zuwa ne in rumbu ya cika, ya kauce in ya zama wayam, to duk karatun da na yi musu ya tashi a banza. Nan take na buga ƙirji na ce, "Ranar Kirsimeti sai kun ci shinkafa har kun bari. Ku gani in an tsallake mu."

Ina da 'yar shinkafa da na ɓoye a tulu tun bara, na liƙe bakinsa da laka. Saura itace. Sati uku ni da Ya Kaltum muna ratsa ruwa zuwa wani tudu da ke da busasshiyar bagaruwa, mu saro, mu ɗauro, mu dawo ƙaya ta yage mana hannu, ƙafa ta mutu da sanyi. Na tara nawa a bayan ɗaki na rufe da tsohuwar zana. Ko guda ban yarda an taɓa ba. Kowace safiya sai na ɗaga zanar na duba, in ji raina ya yi fari.

Saura kwana goma na zauna in ba su labarin sosai. Na faɗa musu yadda Maryamu da Yusufu suka yi doguwar tafiya tana da tsohon ciki, suka isa garin da ya cika da baƙi, ba su sami masauki ba sai wurin dabbobi. Na ce a nan aka haifi Yesu, aka kwantar da shi inda ake zuba wa dabbobi harawa. Na kawo makiyaya, na kawo tauraro. Na ce Allah da kansa ne ya sauko ya zama jariri don ya cece mu daga zunubi, kuma bai sauka gidan mai hali ba, ya sauka wurin waɗanda ba su da inda za su sa kansu. Na ji daɗin bakina ƙwarai. Ina jiran su ce wani abu a kan tauraron.

Rifkatu ta ce, "Inna, wa ya dafa mata ruwa?"

Na ce, "Wane ruwa?"

"Na wankan jego mana."

Yarinyar ta girma tana bin Ya Kaltum gidajen haihuwa. Ta san cewa tun ciki na wata bakwai miji ke tara itace, ta san mai jego sai ta yi wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, a dama mata kunun kanwa, a hura mata wuta a ɗaki, in ba haka ba sanyi ya shige ta ta kumbura. Wurin waɗannan yara, haihuwa babu itace ba haihuwa ba ce, kisa ne.

Na ce ba a faɗa ba. Suka taso mini gaba ɗaya. Yusufu bai tara itace ba? Ina uwarta? Ba ungozoma a garin? Makiyayan da suka zo barka, hannu biyu suka zo? Wata 'yar ƙarama ta fara kuka wai sanyi zai kama Maryamu. Na yi ta cewa ba nan maganar take ba, suna ta komawa kan ruwan zafi. Daga ƙarshe haushi ya kama ni, na ce, "Ba wanda ya dafa mata! Ba wanda ya kula da su! Ku tashi ku tafi gida." Da na ba Ya Kaltum labari ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Yaran nan sun fi ki hankali, uwar Rifkatu. Ni ma da ina wurin abin da zan fara tambaya ke nan."

Bayan 'yan kwanaki na ɗaga zana na ga kamar itacen ya ragu. Na ce idona ne. Washegari na ga wani lanƙwasasshen reshe da na sani sarai ba ya nan. Rana ta uku rabi ya tafi. Zuciyata ta tafasa. Ba wanda ban zarga ba a raina, har matar Malam Bulus, Allah ya gafarta mini, baiwar Allah da ko tsinke ba ta taɓa ɗaukar wa kowa ba. Saura kwana huɗu Kirsimeti, ga alkawari na yi da babban baki.

Da azahar na ce zan tafi tsinkar bado, na fita da ƙwarya, na zagayo na laɓe bayan katangar da ta faɗi. Ba a daɗe ba sai ga su, su tara cif, 'yata a gaba. Ta ɗaga zana tana rabawa, kowa guda ɗaya, har da tsawata wa wanda ya so ɗaukar ƙarami. Suka sa a ƙarƙashin riga suka fita a jere. Na karyo tsumagiya na bi su daga nesa. Suka wuce kasuwa, suka wuce inda ake bandar kifi, suka shiga zangon fatake, can ƙarshe inda ake ɗaure jakuna.

Na shiga da tsumagiyata a ɗage. Abin da na gani ya sa hannuna ya sauko da kansa. Wata yarinyar mace ce, ba ta fi shekara goma sha takwas ba, zaune a kan buhu a rumfar jakuna, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito, ƙafafunta sun fara kumbura. Jaririya na ƙirjinta a naɗe cikin tsumma. A gefe ga duwatsu uku, ga fasasshiyar tukunya da ruwa a ciki, ga bagaruwata tana ci.

Na ce, "Rifkatu, mene ne wannan?"

Ta dubi tsumagiyar, ta dube ni, ba ta ja da baya ba. Ta ce, "Mun zo neman goruba muka ji kukan jariri. Ba wanda ya dafa mata ruwa, Inna."

Na ce, "Ke, wannan ba Maryamu ba ce! Wancan ya faru tun da daɗewa, a wata ƙasa."

Ta ce, "Na sani. Jaririyar ma mace ce. Amma ke kika ce wurin waɗanda ba su da masauki yake sauka. In ya zo Gashuwa bana, ai nan zai sauka. Kada ya zo ya tarar ba wuta."

Kunya ta rufe ni, ni Malama, mai karatu. Sati uku ina tara itace don in nuna wa yara Allah bai tsallake mu ba, ashe su sun riga ni sanin inda za a same shi. Na jefar da tsumagiyar cikin wutar, na aika a kira Ya Kaltum.

Da Ya Kaltum ta zo, ita ta ji yaren matar. Sunanta Zara, daga arewa suka gangaro neman abinci, mijinta ya bar ta a zango ya tafi Nguru neman aiki da ƙafa, naƙuda ta zo mata ita kaɗai. Ya Kaltum ta taɓa ƙafafunta, ta leƙa idonta, ta ce, "Wannan ɗumin da yaran nan suka yi ta kawowa shi ya riƙe ta. Amma in ba ta sami wanka na gaske da kunun kanwa ba, ba za ta kai arba'in ba." Muka ɗauke ta zuwa ɗakina. Ya Kaltum ta dube ni ta ce, "Abin da kuke faɗa a kan Annabi Isa daban, namu daban, wannan kowa ya riƙe nasa. Amma ruwan zafi ɗaya ne. Ɗora tukunya."

Itacen da ya rage ya tafi wanka. Saura kunu, kunun kanwa kuwa da gero ake yi, ni kuma gerona ya ƙare tun tuni. Abin da nake da shi tulun shinkafa ne. Wata mata a unguwa ta yarda ta musanya mini da gero mai kyau na bara. Amma shinkafar ba tawa ba ce, na riga na yi wa yara alkawarinta. Na tara su na gaya musu.

Nan fa aka ga iyakar tsarkakan nawa. Rifkatu ta fashe da kuka, ta ce, "Itace muka bayar, Inna, ba shinkafa ba!"

Dariya ta so ƙwace mini, tausayi kuma ya kama ni, don na san watanni nawa suka yi suna cin bado. Na jawo ta jikina. Na ce, "Itacen wa kika bayar?"

Ta ce, "Naki."

Na ce, "To. Kyauta da kayan wani ba ta da zafi. Allah kuwa da ya tashi ba mu, bai ɗauko na wani ba, bai ba mu ragowa ba. Ɗansa ya ba mu, guda ɗaya tilo, yana sane da wuyar da zai sha saboda mu. Abin da muke murna a kai ke nan. Shinkafar taku ce, ba zan tilasta muku ba."

Wannan ne kaɗai bayanin da na yi a shekarar da ya shiga. Suka fita bayan ɗaki suna ƙus-ƙus, na ji ana gardama, na ji wani ya ce a bar rabi. Can sai ga Rifkatu ta rungumo tulun, hawaye bai bushe ba, ta dire shi a gabana ta ce, "A fasa." Ta juya da sauri don kada ta ga an fasa.

Mazanmu sun dawo ranar jajiberi, Ishaya da ɗan gishiri da kanwa da sabulu, ba zane. Ya tarar da mai jego a gadonsa, ya ji labari, ya ɗauki tabarma ya tafi majami'a ya kwana, bai yi ƙorafi ba. Ranar Kirsimeti ta faɗo daidai kwana bakwai da haihuwar. Da sassafe mijin Ya Kaltum ya kawo liman ya raɗa wa jaririya suna Hauwa, tunda uwarta Musulma ce. Ba rago, amma ya kawo tarwaɗa manya guda biyu. Muka tafi sujada, muka dawo muka tarar matan unguwa sun ji labari, kowace ta zo barka da abin da take da shi, wata reshe biyu, wata ƙwallon goruba cike da ƙwarya, har bayan ɗakina ya cika fiye da yadda yake a da. Yarana suka zauna a hantsi suka sha kunun kanwa da romon kifi, jaririya tana yawo hannu zuwa hannu. Na tambayi Rifkatu a hankali ko har yanzu an tsallake Gashuwa. Ta lashe ludayi ta ce, "A'a. Amma baɗi a yi da shinkafa."

Zara ta yi arba'in ɗinta a ɗakina, kumburin ya saɓe, mijinta ya zo ya same ta, suka koma arewa da faɗuwar ruwa. Ban sake jin labarinsu ba. Ya Kaltum da Ishaya da Malam Bulus duk sun riga mu gidan gaskiya.

Yanzu da gas ake girki a gidan nan, jikokina ba su san warin bado ba, kuma ba na yi musu fatan su sani. Rifkatu ta yi aikin ungozoma a asibiti har ta yi ritaya, ita ma ta yi jikoki. Jiya ta iso don hutun Kirsimeti, na gaya mata aikin da matar fasto ta ba ni, na ce ban san ta inda zan fara ba. Sai ta sa aka buɗe bayan mota. Kamar kowace shekara, ga ɗaurin busasshiyar bagaruwa a kan buhun shinkafa.

Ta ce, "Ga itacenki, Inna. Ki tafi da shi ranar Lahadi, ki ajiye a gabansu, ki ba su labarin. Sannan ki yi shiru ki bar su su yi tambaya."